Haɗarin Haɗa Koyil Mai Ƙarfin Wuta a Cikin Gida

Jama'a, assalamu alaikum. Na ga yawancinku matasa ne masu gyaran rediyo da talabijin a nan Kaduna, kuma na san wasunku sun fara sha'awar koyil ɗin nan da Nikola Tesla ya ƙirƙira a 1891, mai fesa tartsatsi kamar walƙiya. Sha'awar tana burge ni, shi ya sa ya zama wajibi in nuna muku inda ajali yake ɓuya a cikin wannan aiki.

Idon mai kallo yana kan dogon tartsatsin da ke sama, alhali abin da ya fi kisa yana can ƙasa, shiru. Taransifomar da ake cirowa daga tsohuwar na'urar ɗumama abinci (microwave) domin ba wa koyil ɗin wuta, irin wadda ake samu da araha a wurin 'yan gwangwan, tana karɓar bolt 230 na soket ta ɗaga shi zuwa wajen 2,000, kuma tana iya tura kusan rabin amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudana. Kashi ɗaya cikin goma na amfiya, idan ya ratsa ƙirji, ya isa ya rikita bugun zuciya. Wutar tana ƙanƙame tsokar hannu yadda mutum ba zai iya sakin wayar ba, fiyus kuwa ba zai tsinke ba, domin abin da ke kashe ɗan Adam bai kai abin da dutsen guga ke ja ba.

Sai kwandansa, wadda ke riƙe caji bayan an zare filogi. Na sha ganin ƙwararrun masu gyara sun manta da wannan.

Akwai kuma haɗarin da ya keɓanta da mu. An ɗauke wuta, yaro ya sa hannu a cikin na'ura yana gyara bai cire ta daga soket ba, sai a dawo da wutar babu sallama. Ku haɗa wannan da tsayuwa ba takalmi a kan siminti mai laima da damina, ga jarkar fetur ɗin janareto a kusurwar ɗaki, ga ƙanne suna leƙe.

Wanda ya ga wuta ta kama ɗan'uwansa kada ya taɓa shi da hannu. Ya fara kashe wutar daga tushe, idan ba ya numfashi a shiga danna masa ƙirji nan take, sannan a garzaya da shi asibiti ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, saboda ƙunar lantarki takan yi ɓarna a cikin jiki wadda ba a gani a fata.