Kurangar Inabi 70 da Aka Tumɓuke a Colmar

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau zai kai mu garin Colmar da ke yankin Alsace a Faransa.

A ranar 15 ga Agustan 2010, mutane kusan 60 suka kutsa gonar gwaji ta cibiyar binciken noma ta ƙasar, INRA, suka tumɓuke kurangar inabi 70. Laifin inabin shi ne an sauya masa ƙwayoyin halitta.

Me ya kai masana ga wannan aiki? Akwai wani bairus da ke tsumburar da inabi, ya lanƙwasa ganyensa, ya rage 'ya'yansa. Wata tsutsa da ido ba ya gani ce ke yaɗa shi daga saiwa zuwa saiwa, kuma kurangar da ta kamu ba ta warkewa. Sai dai a cire ta, a bar ƙasar ta huta shekaru.

Wani zai ce a yi barbara mana, a samu iri mai juriya. Ai inabi ba gero ba ne. Reshe ake yanka a dasa, kamar rogo. Nau'i irin Pinot Noir ya yi ɗaruruwan shekaru ana gadonsa a haka, kuma da zarar an shuka ƙwallonsa, wani abu dabam zai fito, ɗanɗanon da manomi ke taƙama da shi ya tafi. Shi ya sa masanan suka ɗauki guntun halittar bairus ɗin suka sa a gindin kurangar kaɗai don ya jure cutar, sannan suka aura masa reshen inabi na asali, yadda ake auren mangwaro. Furen ma cire shi suke yi, kuma kwamitin da ya haɗa da manoman yankin yana sa ido tun fara gwajin a 2005.

Ban raina tsoron masu adawa ba. Tambayarsu, ko abin da aka sa zai tsallaka zuwa ƙwayoyin cikin ƙasa, tambaya ce mai nauyi. Amma ita ce ɗaya daga cikin abubuwan da gwajin ke aunawa, kuma da kuɗin al'umma ake yinsa. Abin da ke ci mini rai ke nan: sun yanke binciken da zai iya gaskata su.

Haka aka sake yi a Italiya. Inabin da Jami'ar Verona ta gyara wa halitta don ya jure cutar fumfuna, a rage feshi, an dasa shi a Satumban 2024, aka lalata shi cikin dare a Fabrairun 2025.