Yaji Mai Kyau Daga Shanya Yake Farawa

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, yawancin yajin da ke lalacewa, tun kafin ya shiga turmi ya lalace, kuma danshi ne sanadi. Ku ɗauki busasshen barkono ku karya. In ya ɓalle ƙas, ya bushe. In ya lanƙwashe, a mayar da shi rana. Wanda kuka tarar da baƙi-baƙi ko fari-fari a cikinsa, don Allah ku zubar, kada ku yi ƙyashi. Fumfuna ce, tana iya haifar da guba mai cutar da hanta, kuma zafin girki ba ya kashe gubar.

Ga ma'auni da cokalin cin abinci, na garin kowane kaya: tattasai 4, barkono 2, citta 1, tafarnuwa 1, masoro rabi, kanumfari kwata, gishiri 1. Tattasai ke ba da ja da ƙamshi, shi ya sa ya fi yawa. Kanumfari kuwa da ya ɗan wuce, sai ya danne kowa.

Mutane na ɗauka 'ya'yan barkono ne ke da zafi. A'a, zafin yana cikin farar jijiyar da 'ya'yan ke manne da ita. Mai son yaji mai sauƙi ya tsaga barkonon ya cire jijiyar. In hannu ya ɗauki raɗaɗi, a shafa mai sannan a wanke da sabulu, domin sinadarin zafin a mai yake narkewa, ruwa zalla ba ya ɗauke shi.

Sai gasa kayan, inda aka fi kuskure. Kasko busasshe, wuta kaɗan, kowane kaya shi kaɗai. Masoro da kanumfari sukan jure minti 2. Barkono daƙiƙa 30 ta ishe shi. Da ya fara baƙi ya yi ɗaci, ɗacin kuma ba ya gyaruwa. Garin tafarnuwa ba a gasa shi sam. A bari komai ya huce sarai kafin daka, don tururin da ya rage shi ke dunƙule gari.

A fara daka citta, ita ce mai tauri, a tankaɗe da rariya, tsakin a sake dakawa. Gishiri ya shiga ƙarshe.

Sai batun ajiya. Kwalba busasshiya mai murfi, nesa da murhu da hasken rana. Kada a barbaɗa daga kwalbar a kan tukunya mai tururi, a ɗebo da busasshen cokali. Ku haɗa wanda zai ƙare cikin wata 6, domin bayan haka ƙamshin yakan gudu ya bar zafi kawai.