Hujjar da Zuciya Take Kawowa Kafin Ta Karya Alkawari

A unguwar Nima ko Mamobi da ke Accra, babban birnin Ghana, idan an kira sallar magariba a watan azumi, za ka ga mutumin da ya wuni bai sa ko ɗigon ruwa a bakinsa ba ya zauna gaban koko da ƙosai, da wake da shinkafa, da tsire, ya ci har numfashi ya yi masa nauyi. Idan ka yi masa magana, amsarsa a shirye take: "Ai na sha wuya yau."

Yawancinmu mun ɗauka kamun kai yana karyewa ne sa'ad da sha'awa ta fi ƙarfin hankali, alhali sau da yawa hankalin ne da kansa yake ba sha'awa izini. A shekarar 2006, masu bincike biyu, Uzma Khan da Ravi Dhar, sun nemi wasu mutane su ƙiyasta a ransu cewa sun yi wa al'umma aikin sa-kai, sannan suka ba su zaɓi tsakanin wando mai tsada da na'urar share ƙura. Waɗanda suka yi wannan tunani sun fi karkata ga wandon. Ku lura da kyau, ko alherin ba su aikata ba, tunaninsa kaɗai ya ishe su hujja.

Hujjar da ta fi ba ni tsoro ita ce "tunda na riga na taɓa". Saurayi ya yi alkawarin daina cacar ƙwallo, sai ya tura sidi 10 ta MoMo, wato hanyar tura kuɗi ta waya, kuma maimakon ya tsaya a nan, sai zuciya ta ce masa ranar ta riga ta lalace, gara ya ƙarasa, gobe ya tuba. Sidi 10 ta zama 200. Suratu Yusuf, aya ta 53, ta bayyana cewa rai mai yawan umurni ne da mummunan aiki. Umurnin nan kuwa yakan zo ne cikin lafazi mai daɗi, da muryar mai ba da shawara.

Shi ya sa yanke hukunci tun kafin jarrabawa ta zo ya fi gardama da zuciya a lokacinta. Matan kasuwar Makola ta Accra da suke miƙa wa mai karɓar susu, wato mai tara adashi, kuɗinsu kowace rana sun fahimci wannan, domin kuɗin yana barin hannunsu ne tun kafin gajiyar yamma ta raɗa musu cewa sun cancanci sabon zane.