Amsoshin Tambayoyinku: Yaron da ke kau da kai daga abinci

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Galibin saƙonnin wannan mako daga iyaye mata suka fito, kuma kukansu ɗaya ne: yaro ya ƙi abinci. Muna tare da wata ma'aikaciyar lafiya da ta daɗe a ɓangaren awon yara. Hajiya, barka da zuwa.

Hajiya: Barka kadai, Malam. Ina gaida masu saurare.

Mai gabatarwa: Saƙon farko daga wata baiwar Allah a Gusau. Ta ce ɗanta yana da shekara 2 da 'yan watanni. Kafin yaye duk abin da aka ba shi yana karɓa, amma yanzu daga shayi da burodi sai taliyar leda. Tuwo ya kau da kai, ganye kuwa ko ɗigo ya ji a baki sai ya tofar. Tana tambaya ko wani ciwo ne.

Hajiya: To 'yar'uwa, ki fara kwantar da hankalinki. A shekarar farko jariri yakan ninka nauyin da aka haife shi da shi har sau 3. A shekara ta biyu kuwa kilo 2 zuwa 3 kawai yake ƙarawa. Girman ya rage gudu, dole yunwar ma ta ragu. Sannan daga wajen shekara 2 zuwa 6 yawancin yara suna shiga wani hali na tsoron baƙon abinci, musamman mai ɗaci-ɗaci kamar ganye. Zaƙi kuwa da son sa aka haife su. Wannan hali ne na shekarun, yana wucewa in ba a mayar da shi rigima ba.

Abin da ya fi damuna a saƙonki shi ne shayin. Cikin yaro ɗan ƙarami ne, abin da zai ɗauka a zama ɗaya bai wuce kofi guda ba. In an cika shi da ruwan zafi da sukari da safe, a bi da biskit da hantsi, a ba shi lemon kwalba da rana, ina tuwo zai sami wuri? Ga shi ganyen shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, wanda shi ke gina jini. Yaro mai ƙarancin jini kuma sha'awar abinci takan ƙara gushe masa. Ki janye shayin a hankali, ki mayar da kunun gyaɗa ko kunun gero da waken suya. Ki tsayar da lokaci: abinci sau 3 ko 4 a rana, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2, kamar gwanda ko ayaba ko awara. Tsakanin haka ruwa kawai.

Mai gabatarwa: To ganyen fa, Hajiya? Ta ce ta gwada ya ƙi.

Hajiya: Sau nawa ta gwada? Yawancinmu sau biyu ko uku muke bayarwa, sai mu yanke hukunci mu ce "wane ba ya cin zogale", har mu riƙa faɗa a gabansa, shi ma ya riƙe. Binciken masana abincin yara ya nuna yaro kan buƙaci a gabatar masa da sabon abinci sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓa. Kuma ba tudu za ki zuba masa ba. Cokali ɗaya na kwaɗon zogale ko faten kabewa a gefen abin da ya saba ci. In ya taɓa ya shinshina ya ajiye, ki ɗauke ba tare da faɗa ba, jibi ki sake kawowa. In ya ɗanɗana ya tofar, wannan ma ci gaba ne, harshensa ya fara sanin abin. Ki sauya masa kama: yau alayyafo a miya, gobe a cikin dambu, wata rana a soya da ƙwai. Wani yaron ba ɗanɗanon yake ƙi ba, yauƙin miyar kuka ko kuɓewa ne ba ya so a bakinsa, ko kuma yaji ne ya yi masa yawa. Ki ɗebi nasa kafin ki zuba barkono.

Mai gabatarwa: Saƙo na biyu daga Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Wata matashiyar uwa ta ce 'yarta mai wata 18 ba ta son koko, sai uwar mijinta ta ce a yi mata ɗura, wai haka aka yi wa duk 'ya'yan gidan. Ta ce zuciyarta ba ta kwanta ba, amma tana jin nauyin yin musu.

Hajiya: Wannan tambayar ita na fi so iyayenmu mata su saurara da kyau. Na san kaka ba mugunta ta sa ta ba, tausayi ne, tana ganin jikarta za ta kwana da yunwa. Amma ɗura tana da haɗari na gaske. Idan aka kwantar da yarinya a cinya, aka toshe mata hanci, aka kwarara koko a baki tana kuka tana neman numfashi, maƙogwaron iska a buɗe yake. Kokon kan bi ta can ya sauka a huhu. Wani yaron nan take zai shaƙe, wani kuma sai bayan kwana ɗaya ko biyu zazzaɓi da tari da numfashi sama-sama su taso, a ce sanyi ne ya kama shi, alhali kokon ne ya jawo ciwon huhu. Akwai yaran da aka rasa ta wannan hanya. Don Allah a daina.

Ko da Allah ya tsare, akwai wata ɓarnar. Yarinyar da ake dannewa kullum, da ta hango kofi sai ta fara ihu. Abinci ya zama abin tsoro a wurinta, kuma cire wannan tsoron ya fi wuya a kan koya mata cin ganye. Wata masaniyar abinci a Amurka, Ellyn Satter, ta raba aikin ciyar da yaro gida biyu: uwa ke zaɓar abin da za a ci da lokaci da wurin ci, yaro kuma shi ke da ikon ci ko ƙin ci, da yawan abin da zai ci. Na yarda da wannan rabon ƙwarai.

Ƙanwata, kada ki tsaya gardama da surukarki. Ki roƙi maigidanki ya yi wa Inna magana cikin ladabi, ko ki ce ta raka ki awo, ta ji daga bakin ma'aikatan asibiti. Sannan ki duba kokon kansa. Tsararon koko mai ruwa-ruwa cika ciki kawai yake yi. Ki yi shi da kauri yadda zai tsaya a cokali, ki sa garin gyaɗa ko nono. Yarinya mai wata 18 ma ta wuce zama a kan koko kaɗai, abincin gida ya kamata tana ci. Ki wanke mata hannu ki bar ta ta ci da kanta, ko da za ta ɓata riga. In tana shan nono ki ci gaba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har shekara 2 ko fiye.

Mai gabatarwa: Wani magidanci daga Kano ya ce yana saya wa ɗansa maganin sa cin abinci a kemis, amma da kwalba ta ƙare sai yaron ya koma gidan jiya.

Hajiya: Malam, da yawa daga cikin waɗannan magungunan suna ɗauke da wani sinadari mai suna saifuroheftadin, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi da mura ne. Yana sa barci da kasala, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba. Kada ka ba shi sai likita ya rubuta. Kuɗin kwalbar ka sayo ƙwai da hanta da karas. Kuma ina da roƙo a gare ka: ka riƙa zaunar da shi kusa da kai in za ka ci abinci. Wata mai bincike a Amurka, Leann Birch, ta nuna tun 1980 cewa in aka zaunar da ƙaramin yaro cikin yaran da ke zaɓar wani kayan lambu da shi ba ya so, cikin 'yan kwanaki sai ya fara miƙa hannu gare shi. Mu da muke da cin kwano ɗaya, wannan a hannunmu yake. Sai dai a zuba wa ƙaramin nasa a ɗan kwano daban a cikin da'irar, don a ga abin da ya ci, kada yayyensa su cinye. A kashe talabijin, a ajiye waya.

Mai gabatarwa: Kin ambaci ƙwai. Ga wata daga Bauchi tana tambaya, wai gaskiya ne yaron da ya saba da ƙwai yakan tashi da ɗauke-ɗauke?

Hajiya: Camfi ne, ba shi da tushe. Daga wata 6 a ba yaro dafaffen ƙwai, ya dahu sosai. Abin da za a kiyaye shi ne ƙwayar gyaɗa da aya da gurjiya, domin suna iya maƙale wa ƙaramin yaro a hanyar iska. A niƙa ko a daka tukuna. Zuma kuma sai ya cika shekara 1.

Mai gabatarwa: Na ƙarshe daga Damaturu. Uwa ce ta ce 'yarta ba zaɓe take yi ba, komai ma ta ƙi, ta rame, gashinta ya yi ja, kuma tana yawan cin ƙasa.

Hajiya: Wannan dabam take da sauran, kuma ba ta jiran gobe. Yaro mai zaɓen abinci yana wasa, yana guje-guje, nauyinsa a katin awo yana hawa ko da a hankali. Amma rama da jan gashi alamun tamowa ne, cin ƙasa kuma sau da yawa ƙarancin jini yake nunawa. 'Yar'uwa, ki kai ta asibiti mafi kusa. Za su auna damtsenta da wani ɗan zare mai launi uku. In ya faɗa a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, kuma akwai abincin magani na gyaɗa da madara da ake bayarwa dominta. Ki danna bayan ƙafafunta biyu da yatsa, in wurin ya loɓa bai taso ba, kumburi ne, ki gaya musu. A duba bakinta ko akwai gyambo, a gwada zazzaɓin cizon sauro, a ba ta maganin tsutsar ciki da bitamin A in lokacinsu ya yi. In tana gudawa ko amai ko ta yi laushi ba ta iya shan komai, yau ɗin nan za ki tafi.

Mai gabatarwa: Allah ya ba ta lafiya. Hajiya, mun gode. Lokaci ya cim mana, sauran saƙonnin da suka shafi yaye za mu ɗauke su a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko da tambayoyi. Wassalamu alaikum.