Yanka ɗaya, kabad biyu

Hadiza: Masu sauraro barkanmu da warhaka. Yau kafintan sarki muka ɗauko, André-Charles Boulle, wanda Sarki Luwi na 14 na Faransa ya ba masauki da wurin aiki a fadar Louvre a 1672. Malam Bala, me ya raba shi da sauran kafintoci?

Bala: Dabarar yanka, Hajiya. Sai ya samo fallen tagulla da fallen ƙoƙon kunkurun teku, ya manne su da gam, ya liƙa takardar zane a sama. Sannan ya bi zanen da siririn zarto, ya yanke su tare. In an raba su, furen tagulla ya shige gurbinsa cikin ƙoƙon daram, na ƙoƙon ma ya shige cikin tagulla.

Hadiza: Dakata. Ke nan ba a zubar da komai?

Bala: Kusan babu asara. Shi ya sa kayansa kan zo biyu-biyu: wannan kabad zanen tagulla kan ƙoƙo, ɗan'uwansa akasin haka. Wani lokaci a shafa jan launi a bayan ƙoƙon, ki ga yana ƙuna kamar garwashi. Jikin kuma akan lulluɓe shi da fallen baƙin katako, dangin kanyarmu.

Hadiza: Ni durowoyin nan biyu da ya yi wa ɗakin barcin sarki a 1708 ne suka tafi da hankalina. Har yau suna fadar Versailles ta Faransa.

Bala: Sun tsira. Gobarar 1720 kuwa ta cinye shagonsa da tarin zane-zanen da ya yi shekaru yana saye, har bashi ya ci a kansu. Ya rasu a 1732.

Hadiza: Allah sarki. To kayan na da ƙarko?

Bala: Nan ne matsalar. Katako na kumbura da laima ya tsuke da rani, tagulla ba ruwanta. Gam ya saki, bakin fure ya ɗago, mai goge ƙura ta zo da tsumma ta fizge shi. Gyaran sai gwani.

Hadiza: Waɗanda ake gani a gwanjo fa?

Bala: Yawanci na zamanin sarkin Faransa Napoliyon na 3 ne, ƙarni na 19, lokacin da aka sake yayin salon. Suna da kyau, amma kada a sayar miki da su a matsayin aikin hannun Boulle.