Amsoshin Tambayoyinku: Karawa Uku Tsakanin Muhammad Ali da Joe Frazier

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu uku ne suka iso mana a kan magana ɗaya, wato damben zamani na ajin masu nauyi da adawar da aka yi tsakanin Muhammad Ali da Joe Frazier, saboda haka muka haɗa su wuri guda domin amsar kowace ta taimaki 'yar'uwarta.

Wasiƙar farko daga wani mai sauraronmu ce a Gusau, wanda ya ce gardama ta sarƙe a majalisarsu, domin abokinsa ya dage cewa Frazier bai taɓa cin Ali ba. Yana so ya san sau nawa suka kara, kuma shin gaskiya ne an taɓa kai Ali ƙasa.

Malam, ka gaya wa abokin naka cewa bai yi daidai ba. Sau uku suka kara, a 1971 da 1974 da 1975, jimillar turmi 41, Frazier ya ci na farko, Ali ya ci biyun ƙarshe. Karawar farko an yi ta ranar 8 ga Maris 1971 a zauren Madison Square Garden da ke birnin New York, kuma abin da ya sa duniya ta tsaya cak dominta shi ne babu ɗaya daga cikinsu da aka taɓa ci. Ali ya yi dambe 31 ya cinye duka, Frazier ya yi 26 ya cinye duka, kuma kowannensu yana da hujjar kiran kansa zakaran duniya. An ƙwace kambun Ali a 1967 saboda ya ƙi shiga aikin soja lokacin yaƙin Biyetnam, aka hana shi dambe fiye da shekara uku, a cikin wannan tsakanin ne Frazier ya doke Jimmy Ellis a watan Fabrairu 1970 ya zama zakara. Magoya bayan Ali suna cewa hukuma ce ta karɓe kambun, ba a fage aka karɓe shi ba, su kuwa magoya bayan Frazier suna cewa mai riƙe da kambu shi ne zakara. An yi wa kowannensu alkawarin dala miliyan 2.5, kuɗin da ba a taɓa biyan ɗan dambe irinsa ba kafin wannan rana.

Salonsu ya sha bamban ƙwarai. Ali dogo ne mai dogon hannu, yana zagaya fage yana cakar abokin karawarsa daga nesa, shi kuwa Frazier gajere ne a kansa, yana sunkuyawa yana kaɗa kai hagu da dama, yana kutsawa gaba ba ja da baya, ya yarda ya sha naushi uku domin ya isa kusa ya saki nasa guda ɗaya na hagu. Ali ya fara da kyau, amma hutun dole da aka yi masa ya rage masa ƙafa, domin dambe biyu kacal ya yi bayan dawowarsa, da Jerry Quarry da Oscar Bonavena. Da tafiya ta yi tafiya sai ya koma jingina da igiya, nan kuwa Frazier ya samu abin da yake nema, ya yi ta dukan haƙarƙari da ciki. A turmi na 11 hagun Frazier ta same shi har ƙafafunsa suka yi rawa, a turmi na 15 kuwa Frazier ya zaburo ya sakar masa wata hagun a muƙamuƙi, Ali ya faɗi ta baya, ƙafafunsa a sama. Duk wanda ya ga hoton nan zai tuna jajayen tuntayen da ke jikin takalmansa suna lilo a iska.

A nan ne masu sauraronmu da suka saba da damben gargajiya suke rikicewa. A dambenmu, da zarar hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare, sai kiɗa da kirari. A damben zamani faɗuwa ba ta kashe wasa sai idan alƙalin wasa ya ƙirga goma mutum bai tashi ba. Ali ya miƙe kafin ƙirga ya kai biyar, muƙamuƙinsa a kumbure, ya kuma tsaya har aka kaɗa ƙararrawar ƙarshe. Alƙalai uku duk suka ba Frazier nasara: ɗaya ya ba shi turmi 8 Ali 6 da kunnen doki ɗaya, na biyu 9 da 6, na uku 11 da 4. Sai dai wanda ya yi nasarar ma bai fita lafiya ba, domin fuskar Frazier ta kumbura sosai, kuma daga baya sai da ya kwanta a asibiti.

Wasiƙa ta biyu daga Maraɗi ta fito. Mai ita yana tambaya, me ya sa kowa yake maganar karawar farko da ta Manila, amma ba a cika jin labarin ta biyu ba.

Dalilin shi ne a ranar 28 ga Janairu 1974, da suka sake haɗuwa a wancan zaure na New York, babu zakaran duniya a cikinsu. George Foreman ya riga ya raba Frazier da kambunsa a Kingston ta ƙasar Jamaika a watan Janairu 1973, inda ya kai shi ƙasa sau shida cikin turmi biyu, shi kuma Ali ya sha kaye a hannun Ken Norton a watan Maris na wannan shekara, har muƙamuƙinsa ya karye, kafin ya rama a watan Satumba. Turmi 12 aka tsara, ba 15 ba. Ali ya zo da darasin da ya koya: ya saki naushi biyu ko uku, da Frazier ya matso sai ya rungume shi, ya sa hannu a ƙeyarsa ya danna kansa ƙasa, har sai alƙalin wasa Tony Perez ya raba su. Ya yi haka fiye da sau 100, ɓangaren Frazier suka yi ta ƙorafi cewa wannan ya saɓa wa ƙa'ida amma alƙali ya zuba ido. Shi ma Ali yana da nasa ƙorafin, domin a turmi na biyu ya girgiza Frazier da hannun dama, sai Perez ya shiga tsakani yana zaton an kaɗa ƙararrawa, alhali da sauran lokaci. Ali ya ci da amincewar alƙalai uku. Mutane da yawa sun fi tuna kokawar da suka yi a ɗakin talabijin kwanaki kaɗan kafin damben, bayan Ali ya kira Frazier jahili, abin da ya sa aka ci kowannensu tarar dala 5,000.

Wasiƙa ta uku daga wani dattijo ce a zangon Kumasi ta ƙasar Gana. Baba ya ce shi a ganinsa babu damben da ya kai na Manila, yana so mu faɗi namu ra'ayin ba tare da kwana-kwana ba, mu kuma bayyana masa dalilin da ya sa Frazier ya riƙe Ali a zuci har tsufansa.

Baba, Allah ya ƙara girma. Bari mu fara da abin da ya faru. An yi karawar ranar 1 ga Oktoba 1975 a zauren Araneta da ke Quezon, kusa da Manila a ƙasar Filifin, zamanin shugaba Ferdinand Marcos. Da hantsi aka yi ta, domin lokacin ya dace da dare a Amurka inda masu biyan kuɗin kallo suke, ga zafin ƙasar, ga fitilun ɗaukar hoto, ga taron jama'a, zauren ya zama kamar tanda. A wannan karo Ali ne zakara, bayan ya kayar da Foreman a turmi na takwas a Kinshasa ranar 30 ga Oktoba 1974. Yana da shekara 33, Frazier yana da 31, kuma kusan kowa, har da Ali kansa, ya ɗauka cewa Frazier ya ƙare.

Mai horar da Frazier, Eddie Futch, bai manta da rungumar 1974 ba, saboda haka ya tsaya kai da fata a kan maganar wanda zai yi alƙalanci. Aka ɗauko wani ɗan ƙasar, Carlos Padilla, wanda ya hana Ali danna ƙeyar Frazier tun daga farko. Da wannan mafaka ta toshe, babu abin da ya rage sai musayar naushi. Ali ya mamaye turmin farko-farko yana neman gamawa da wuri, Frazier ya jure, daga wajen turmi na biyar zuwa na goma kuwa ya matse shi a igiya yana sarar jikinsa kamar mai saran itace, har Ali da kansa ya ce daga baya bai taɓa kusantar mutuwa kamar wannan rana ba. Sai al'amari ya sake juyawa. Frazier dama ya daɗe ba ya gani sosai da idon hagu, abin da ya ɓoye shekara da shekaru, ga shi na dama ya kumbura yana rufewa, saboda haka ya daina ganin hannun Ali idan ya taho. A turmi na 13 Ali ya naushe shi har robar da ke kare haƙoransa ta yi tsalle ta fita daga fage, a na 14 kuwa duka ne kawai yake sha yana tafe gaba, bai faɗi ba. Da ya koma kusurwarsa, Futch ya ce ya isa haka. Frazier ya roƙe shi ya bar shi ya ƙarasa minti ukun da suka rage, Futch ya dafa shi ya ce ya zauna, babu wanda zai manta da abin da ya yi a ranar. Ali ya tashi ya ɗaga hannu, sannan ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa.

Ra'ayinmu, Baba, tunda ka nema, shi ne Manila ta fi tsanani amma karawar 1971 ta fi inganci. A 1971 Frazier yana kan ganiyarsa, Ali kuma, duk da hutun da ya yi, saurin hannunsa yana nan, kowa yana iya kauce wa naushi, kowa yana da dabara, ga kuma tambayar da babu wanda ya san amsarta, wato wane ne zakaran gaskiya. A Manila dukansu sun ƙara nauyi, ƙafa ta mutu, kaucewa ta ragu, shi ya sa naushi ya yi ta sauka ba ƙaƙƙautawa. Abin da mai kallo yake gani a matsayin ƙarin jarumta, rabinsa gazawar kare kai ce ta mutum biyu da jikinsu ya fara gajiya amma zuciyarsu ta ƙi yarda. Ba mu raina juriyar da aka nuna ba, babu mai hankalin da zai raina ta, amma idan matashi ya ce mu nuna masa yadda ake dambe, ta 1971 za mu kunna masa. Farashin Manila ma ya fito fili daga baya, domin Frazier bai sake cin dambe ba, sau biyu kawai ya ƙara shiga fage, Foreman ya sake doke shi a 1976, sannan Frazier ɗin ya yi kunnen doki da wani ɗan dambe a 1981. Ali ya ci gaba har 1981, aka kuma tabbatar yana da cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, a 1984.

Maganar riƙo a zuci kuwa tana da tushe. Lokacin da aka hana Ali dambe, Frazier ya taimaka masa da kuɗi, ya kuma goyi bayan a mayar masa da lasisinsa. Amma da aka sa ranar karawa, sai Ali ya shiga kiransa ɗan koren Turawa, kafin Manila kuma ya riƙa kiransa goggon biri, har yana fito da ɗan birin roba a gaban 'yan jarida yana naushinsa. Ali yana ganin talla ce ta sayar da tikiti, shi kuwa Frazier, ɗan manoma matalauta daga Beaufort a jihar Carolina ta Kudu, wanda ya yi aiki a mayanka a Filadelfiya kafin ya ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo a 1964, bai ga abin dariya ba a ce shi ne za a nuna wa baƙaƙen fata 'yan'uwansa a matsayin maci amana, ga 'ya'yansa ana yi musu ba'a a makaranta. Ali ya bayyana nadamarsa a wata hira da jarida a 2001, Frazier kuma wani lokaci ya sauko, wani lokaci ciwon ya taso masa. Ya rasu ranar 7 ga Nuwamba 2011 sakamakon ciwon dajin hanta, kuma Ali, duk da jikinsa yana karkarwa ana riƙe da shi, ya je Filadelfiya ya halarci jana'izarsa.