Famfon da ba ya barci: lacca kan shige da fice a ƙwayar halitta

Assalamu alaikum. Na can baya, kuna ji na? To, madalla.

Maganarmu ta yau kan tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta ce, wato ɗan ƙaramin tubalin da aka gina jikin mai rai da shi, da yadda yake tantance mai shiga da mai fita. Hanyoyi huɗu zan kawo, in lokaci ya bar mu.

Tantanin nan kitse ne ninki biyu, siriri ne ƙwarai, sai an jera sama da 10,000 kafin su kai kaurin takardar da kuke rubutu a kai. Kitse kuwa ba ya ga maciji da ruwa. Saboda haka gishiri, sukari, duk abin da ke narkewa a ruwa, da ya iso bakin tantanin sai ya ja birki. Oksijin da iskar da muke fitarwa su ne 'yan lele, ratsawa suke yi abinsu, daga inda suka yi yawa zuwa inda suka yi ƙaranci. Ta ɗaya ke nan.

Ta biyu, ƙofofin furotin da ke jikin tantanin, kowace da wanda ta sani. Ruwa ma yana da tasa ƙofar. Peter Agre na Amurka ne ya tabbatar da ita a 1992, ya samu kyautar Nobel a 2003. Nan ma, kamar a ta ɗaya, ƙwayar ba ta kashe ko sisi na ƙarfinta, gangara ce.

To, ga inda nake so mu zauna. Ta uku, famfo. Ɗalibaina sun san in na kama maganar famfo sai an ja mini riga. (Dariya)

A 1957, wani likita ɗan ƙasar Danmak, Jens Skou, yana bincike da jijiyar ƙafar ƙaguwa. Ƙaguwa fa! A nan ya ci karo da furotin da ke tura sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, waje, ya jawo wani sinadarin, fotasiyam, ciki. Uku su fita, biyu su shiga, a biya da ATP guda ɗaya, wato kuɗin da ƙwayar halitta ke kashewa. Ku rubuta: uku waje, biyu ciki. Kuma hawa ne, don sodiyam ya riga ya fi yawa a waje, amma can ɗin ake ƙara tura shi. Sai 1997 aka ba Skou Nobel, shekara 40 cur. Masu ƙorafin an riƙe musu sakamakon jarrabawa, ku yi haƙuri. (Dariya)

Ku ɗauka kwale-kwale ne mai yoyo. Sodiyam kullum yana tsiyayowa ciki, famfon kullum yana kwarfewa. Kana barci yana kwarfewa. Wanda ke gyangyaɗi a layi na uku ma nasa na kwarfewa. Ranar da ya tsaya, gishiri ya taru, ruwa ya biyo gishiri, ƙwayar ta kumbura ta fashe, tunda tamu ba ta da katanga irin ta tsiro.

Wani zai ce wannan ai wahalar banza ce. A'a. Datse ruwa ne aka yi a dam. Sodiyam ɗin da aka tara a waje, da bambancin lantarkin da ke tsakanin ciki da waje, kusan milibol 70 a ma'aunin lantarki a ƙwayar jijiya, su ake saki in za a aika saƙo. Ƙofofi su buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, saƙo ya wuce. Jin maganata da kuke yi yanzu, a kan wannan yake tafiya. Har maganin zuciya akwai, digoksin, wanda aikinsa rage wa famfon nan gudu, sai bugun zuciya ya ƙara ƙarfi. Uku waje, biyu ciki, na faɗa ko?

Ta nawa muke? An ce saura minti biyar. To, ta huɗu a gurguje: abin da ya fi ƙarfin ƙofa, tantanin ne ke naɗe shi ya haɗiye, yadda fararen ƙwayoyin jini ke yi wa ƙwayoyin cuta. Haka kuma ake fitar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, a ƙunshe. Na'am, malama, ga hannu can.

(Tambaya: me ya sa ake haɗa sukari a ruwan da ake ba mai amai da gudawa, ba gishiri kaɗai ba?)

Allah Ya yi miki albarka, kin maido ni kan famfo! A jikin hanji akwai wata ƙofa da ba ta buɗewa sai sodiyam da gulukos, wato sukari, sun zo tare. Robert Crane ne ya bayyana wannan a 1960. Sodiyam na gangarowa ciki, don famfo ya riga ya kwashe na ciki, sai ya ja gulukos, ruwa kuma ya bi bayansu zuwa jini. Gubar kwalara tana sa hanji zubar da gishiri da ruwa ta wata ƙofar daban, amma ƙofar sodiyam da gulukos ɗin ba ta taɓa ta. Ta nan ake maido da abin da ya zube. Sai dai a kiyaye awo, malama. In sukarin ya yi yawa, shi zai jawo ruwa daga jiki zuwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru. A bi abin da aka rubuta a jikin fakitin. Akwai wani hannun? Shugaba ya ce a'a.